Tacho da Uban Baftismar 'Yarsa

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta bayan layin dogo, a ɗan garin nan na masu gasa bulo da ke kudu da Chicago, ya san Anastasio Zamarripa, ko da yake ba mai wahalar da bakinsa da wannan dogon suna. Tacho muke ce masa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, jan bulo ya cinye masa tafin hannu har ya daina jin zafi, yakan ɗauki garwashi da yatsu ya kunna taba yana ci gaba da hirarsa. Abu biyu yake taƙama da su a duniya, kuma in ka zauna da shi sai ka ji su ko ba ka tambaya ba. Na farko 'yarsa Amparo, wadda ta fi duk 'yan ajinsu karatu har da 'ya'yan turawa, wadda ya rantse sai ta zama malamar makaranta a garin da aka haife ta. Na biyu kuwa, duk unguwar shi kaɗai ne yake da compadre bature, wato bature ne uban baftismar 'yarsa.

A wani ƙauyen Zacatecas, can ƙasar Mexico, aka haife shi, inda ƙasa ba ta ba da komai sai masara da wake, su ma sai ta ga dama. Yana saurayi yaƙin juyin juya hali ya iso musu. Sojan gwamnati su zo su kwashe masara, 'yan tawaye su biyo baya su kora alfadari, kowanne yana cewa don talaka yake yi. Ranar da aka zo ɗibar samari, Tacho ya haura katangar baya ya nufi arewa. Abin da yaran yanzu ba sa yarda in an faɗa musu shi ne, a wancan lokaci roƙonmu ake yi mu shigo. Amurka na yaƙi a Turai, samarinta sun tafi, ga layin dogo ba mai gyara, ga gonaki ba mai girbi. Dillalan ma'aikata na tsaye a bakin gadar El Paso da ke kan iyaka suna rige-rigen kama hannun duk wanda ya tsallako. Tacho ya ce wanda ya same shi har takalmi ya saya masa.

Ya yi ta bin aikin layin dogo har ya kawo shi garinmu, ya hango hayaƙin gidan bulo, ya ce shi ya gaji da yawo. Nan ya auri Herlinda, ɗiyar matar da ke dafa wa leburori abinci, doguwar mace mai kaifin baki wadda ba ta taɓa barin magana ta kwana a cikinta ba. Suka samu tsohon tarago irin waɗanda aka cire wa ƙafafu aka jere mana a matsayin gidaje, Herlinda ta dasa furanni a gwangwanaye ta jera a bakin ƙofa. Aikin Tacho tura baro ne. A lodo bulo da zafinsa daga bakin tanderu, a bi ta kan siririn katako, a jera a taragon kaya, a dawo a sake. Kowane mutum da taragon da zai cika kafin a tashi.

Wanda ke tura baro kusa da shi wani bature ne ɗan asalin Ireland mai suna Emmet Hanlon, dogo, mai jajayen kunnuwa da dariyar da ake ji daga ƙarshen fili. Da rabin Turanci da rabin nuni suka fara shiri. Emmet ya ɗanɗana miyar barkonon Herlinda ya yi hawaye shaɓe-shaɓe, kashegari ya sake miƙo hannu. Sai ga ranar da naƙudar Herlinda ta zo da gardama, ana ta zuba ƙanƙara, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Likitan garin kuwa ba ya tsallaka layin dogo ya shigo wajenmu, kowa ya san da haka. Emmet ne ya ajiye baronsa ya je ya tsaya masa a ka, da ya ga zai ɓata masa lokaci sai ya suri jakarsa ya yi gaba. Likita ya biyo jakarsa yana zage-zage har ƙofar tarago. Haka aka haifi Amparo, uwa da 'ya lafiya.

Bayan 'yan kwanaki Tacho ya zauna a bakin gado ya gyara murya.

"Tsohuwa, na samo wa yarinyar nan uban baftisma."

"Wa? Dattijo Cleofas na unguwarmu?"

"Emeterio." Haka ya mayar da sunan Emmet, don ya fi zauna masa a baki.

"Baturen? Tsoho, zafin tanderu ne ya taɓa maka kai? Mutumin kirki ne, ban musa ba, a kai masa kaji a yi godiya. Amma compadre? Ya san nauyin abin da za ka ɗora masa kuwa?"

"Haba, coci ɗaya fa muke zuwa. Fada ɗaya ke mana addu'a."

"Ƙwarai, shi a gaba, mu a bencin ƙarshe inda sanyi ke shigowa."

Herlinda ta san abin da take faɗa. A wajenmu wanda ya riƙe maka ɗa a gaban Fada aka zuba masa ruwa ya wuce aboki, ya ma wuce ɗan'uwa, don ɗan'uwa kana iya zaginsa ku shirya. Compadre ba a ɗaga masa murya, ba a ce masa a'a, ba a karɓar lada a hannunsa. In ka mutu, ko duniya ta juya maka baya, ɗanka nasa ne, abin da 'ya'yansa suka ci shi zai ci. Tacho ya sa kwat ɗinsa ta aure, ya riƙe hula a ƙirji, ya je ya zuba wa Emmet dogon jawabi da guntun Turancinsa. Emmet ya saurara har ƙarshe, sannan ya fashe da dariya.

"Af, wannan ne ya sa ka sha kwat haka? Ba komai, Tacho, na yarda. Yaushe ne? Matarka za ta yi wannan abin da ake naɗewa a ɓawon masara?"

Ya zo kuwa. Ya riƙe jaririya a tsorace, ya ci tamal, abin nan na ɓawon masara, har ya sassauta bel, ya taka rawa da tsofaffin unguwa. A wajensa an yi biki mai daɗi an watse. A wajen Tacho an ƙulla abin da sai mutuwa. Daga ranar ba ya buɗe baki sai "compadrena ya ce", har muka riƙa tsokanarsa, in hadari ya haɗo a ce, "Tacho, je ka tambayo compadrenka ko za a yi ruwa." Kowace Kirsimeti Herlinda na aika tukunyar tamal gidan Hanlon. Amparo ta tashi tana ce masa Baba Emeterio, in ta gan shi ta durƙusa ta sumbaci hannunsa yadda aka koya mata, shi kuma ya janye hannun da kunya ya laluba mata alewa a aljihu.

Haka aka yi shekaru cikin rufin asiri, sai 1930 ta shigo, gine-gine suka tsaya cak a Chicago. Wanda bai gina gida ba ba ya sayen bulo. Aka fara kashe tanderu ɗaya bayan ɗaya, foman ya tara mutane ya ce duk wanda ya kasa cika taragonsa ya san hanyar ƙofa. Ana cikin wannan ne bayan Emmet ya riƙe. Ya sunkuya zai ɗaga baro, ya kasa miƙewa, ga 'ya'ya biyar a gida.

Tacho bai tambayi kowa ba, bai ma ga abin tambaya a ciki ba. Ya riƙa cika nasa tarago da gudu, in an busa usur na cin abinci ya tura gurasar masara ɗaya a baki ya kama baron Emmet. Emmet na tsaye a cikin tarago yana gyara jeri kawai. Haka suka yi har zafin shekarar ya wuce. Tacho ya rame, wuyansa ya fito, Herlinda na shafa masa kitse a baya tana masifa.

"Kai jaki ne? Ka faɗi ka mutu ka bar ni da yarinya, sai compadren naka ya zo ya tura mana baro?"

"Shi ma da zai yi mini."

"Uhm. Juya in shafa ɗaya gefen."

Ranar biyan lada Emmet ya ja shi gefe zai damƙa masa wani abu daga nasa. Tacho ya ɓoye hannayensa a baya, ransa ya ɓaci sosai.

"Compadre, me na yi maka za ka ci mutuncina? Tsakaninmu babu lada. Kar ka sake."

Abin da Tacho bai lura da shi ba shi ne foman. Foman yana dai tsaye a inuwa kullum yana kallon mutum ɗaya na cika tarago biyu. Da bayan Emmet ya warware, sai aka wayi gari da sabuwar doka, kowa tarago ɗaya da rabi, lada kuma an rage. Mutanen da suka yi yawa aka sallame su, kuma yawancinsu turawa ne, don mu an san ba ma gardamar lada. Ina za mu je mu yi gardamar? Tacho ya tsine wa foman tare da kowa. Ko a mafarki bai kawo cewa da hannunsa a ciki ba.

Daga nan garin ya fara sauya mana fuska. Mai kantin da ke ba matanmu bashi da fara'a ya koma ƙirga su in sun shigo. Jaridu suka ɗauko waƙa ɗaya, wai duk ɗan Mexico ɗaya da ya tafi, ɗan ƙasa ɗaya zai samu aiki. Muka fara jin labarin jiragen ƙasan da ake cikawa da mutanenmu a garuruwan maƙwabta ana kai su bakin iyaka, har da yaran da aka haifa a nan. Mata suka daina barin yara su yi nisa da ƙofa. Tacho kaɗai ke barcinsa lafiya. Amparo ta kai shekara goma sha uku, malamarsu ta ce baɗi sai babbar makaranta, shi kuma ya riga ya fara tanadin takalmin da za ta sa. In aka yi masa zancen jirgi sai ya kaɗa hannu ya ce, "Ni ina da mutum a garin nan."

Wata Lahadi da yamma aka kira taro a babban zauren gari, wai a kan matsalar 'yan Mexico. Dattawan unguwa suka ce kada kowa ya je. Amma Tacho ya ji cewa Emmet na cikin masu magana, don haka ya fito da kwat ɗin nan, ya sa Herlinda da Amparo a gaba, ya ce su zo su ga yadda compadre ke tsaya wa nasa. Suka raɓe a bayan zaure kusa da ƙofa. Herlinda ba ta jin Turanci, Amparo ce ke raɗa mata. Wani mai farar riga ya hau ya ce mu muke kawo cututtuka. Wani ya ce mutanen da ke kwana su goma a akwati suna cin wake safe da yamma, ko nawa aka ba su za su karɓa.

"Me ya ce?"

"Ya ce muna cin wake, Mama."

"To ƙarya ya yi? Ya turo uwarsa in koya mata dafawa, dubi wuyansa."

Sai Emmet ya miƙe. Tacho ya zunguri matarsa da gwiwar hannu. Emmet ya hau yana murza hularsa, kunnuwansa sun ƙara ja.

"Ni ba gwanin magana ba ne, kun san ni. Akwai wani mutum a bayan zauren nan. Tacho, matso gaba su gan ka."

Kawuna suka juyo. Tacho ya tako zuwa tsakiyar hanya, ya cire hula, ya ɗan rusuna dama da hagu. Zuciyarsa ta cika fal, har ya ji ƙwalla na neman zuwa.

"Ban san mutumin kirki kamar wannan ba," in ji Emmet. "Ni na riƙe 'yarsa a coci. Da bayana ya riƙe, mutumin nan ya cika taragonsa ya cika nawa, wata da watanni, bai karɓi komai ba. Na ba shi, ya ƙi."

Tacho ya sunkuyar da kai don kunya. A ransa yana cewa ai bai kamata compadre ya tona wannan a gaban jama'a ba, amma ba laifi, tunda don a san mu ne.

"To ku gaya mini," Emmet ya ɗaga murya, "wa zai iya gasa da wannan? Mutum ɗaya, aikin mutum biyu, ladan mutum ɗaya. Ba hutun cin abinci, ba ƙorafi. Foman ya gani da idonsa, kun kuma san abin da ya biyo baya. Ku da ke zaune a gida tun bara, ga dalilinku nan a tsaye. Ba mugunta gare su ba, haka suke. Amma muddin suna nan, babu ɗayanmu da zai sake ganin lada na mutunci. Ni 'ya'ya biyar gare ni. A sa su a jirgi cikin girma da arziki su koma ƙasarsu."

Zauren ya ɗauki tafi har da buga ƙafa. Tacho na nan tsaye a tsakiyar hanya, hula a ƙirji, murmushin bai ma gama sauka daga fuskarsa ba. Ya ji kowace kalma, Turancinsa ya kai nan, amma kansa ya ƙi karɓa. Ya dubi bakin Emmet, ya dubi nasa hannayen, waɗannan hannayen da suka yi ta aiki, ya rasa yadda aka yi suka zama shaida a kansa. Ya kasa komawa baya, ya kasa zama, mutane na ta leƙensa.

"Me ya ce? Amparo, me ya sa kika yi shiru? Yabon ubanki yake yi?"

"Mama, mu tafi gida."

"Ke, tambayarki nake yi!"

"Don Allah, Mama, mu tafi gida."

Abin da ya fi ba mu mamaki da muka ji labari shi ne Tacho bai tafi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, don ba a haɗuwa da compadre a wuri a wuce ba gaisuwa. Emmet ya fito cikin mutane ana bubbuga masa kafaɗa, ya gan shi, ya ɗan yi turus, sannan ya matso.

"Ba da kai nake ba, Tacho, ka gane ai. Magana ce ta aiki."

"E, compadre," in ji Tacho.

Da Amparo ta kwashe komai ta gaya wa uwarta a gida, unguwa gaba ɗaya sai da ta ji muryar Herlinda. Tacho ya zauna a kan akwati bai tanka ba. Ya yi kwanaki haka, abinci ma sai an tura masa. Da bakinsa ya buɗe kuwa, abin da ya fito shi ne, "Yunwa ce ta sa shi."

"Mu ƙoshi ne ya dame mu?" in ji Herlinda.

Ba a daɗe ba gidan bulo ya sallami duk wani ɗan Mexico a rana ɗaya. Muka je ofishin agaji inda ake raba gari da gawayi, aka ce mu babu namu, abin da ake da shi dominmu kujerar jirgi ce kyauta zuwa bakin iyaka. Tacho ya ce 'yarsa a nan aka haife ta. Aka ce masa yara iyayensu suke bi. Sanyi ya kawo kai, tarago ba gawayi kuwa kabari ne. Tacho ya sayar da abin da zai sayu, ya karɓi jirgi kamar kowa.

Amparo ta daina cin abinci. Ba ta taɓa ganin Zacatecas ba, in ta yi yarenmu tsofaffi dariya suke mata, ƙauyen ubanta kuma ko inuwar makaranta babu. Tana zaune a lungu rungume da littattafanta, ba kuka mai sauti, hawaye kawai. Tacho ya yi ta kallonta, sannan ya ce da matarsa, "Yarinyar nan tana da uba a garin nan."

Herlinda ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Wane uban? Wanda ya tsayar da kai a tsakiyar zaure kamar akuyar sayarwa?"

"Abin da ya faɗa a zaure, ma'aikaci ne ya faɗa. Abin da ya ɗauka a gaban Fada daban ne. Ba zai iya ƙi ba, tsohuwa. Ta zauna cikin 'ya'yansa ta yi karatunta, in abubuwa sun gyaru mu dawo."

Herlinda ta dubi 'yarta ta ga yadda ta ɗago kai, sai ta haɗiye abin da ke bakinta, karo na farko a rayuwarta. Ta kwaɓa sauran garin masarar da ya rage ta yi tamal, don ba a zuwa irin wannan roƙo hannu sake. Tana naɗewa tana tsinuwa ƙasa-ƙasa. Ta ce ita ƙafarta ba za ta taka gidan ba.

Da hantsi uba da 'ya suka isa. Gidan Hanlon mai bene ne, sun zuba 'yan haya ma'aikatan jirgi a sama, bayan gidan kuma ya jingina da layin dogo. Matar Emmet, Bridie, ta leƙo ta ce su zagayo ta baya. A tsakar gida suka wuce wata tsohuwar baturiya, Misis Novak, wadda mijinta ya mutu, ta duƙufa a kan baho tana cuɗar kayan 'yan haya. Tacho ya gane ta, tana cikin waɗanda suka fi kowa tafi a zaure. Ya ɗaga mata hula duk da haka.

A kicin ya ajiye tukunya a kan tebur, ya tsaya ƙiƙam, ya yi maganar yadda iyayenmu ke yin ta.

"Compadre, ka karɓi yarinyar nan a gaban Allah tana jaririya, ka ba ni aronta na rena. Yau ƙarfina ya ƙare. Na zo in mayar maka da 'yarka."

Emmet ya sosa ƙeya. "Kai, Tacho. Lokacin nan da wuya, ka ga bakunan da ke gidan nan..."

Bridie ba ta sauraron mijinta. Amparo take kallo, tun daga kafaɗa har zuwa damtse.

"Ta iya wanki?"

"Ta iya, comadre," in ji Tacho, don haka ake ce wa matar compadre.

"Guga fa?"

"Babu abin da uwarta ba ta koya mata ba," in ji Tacho, har da ɗan alfahari.

"To ai shi ke nan, ta zauna. Akwai wuri a bayan murhu, da ɗumi ma. Misis Novak kowane mako sai mun biya ta, ga tsufa ga gunaguni. Daga Litinin sai ta huta."

Tacho ya ɗauka bai ji daidai ba. "Makaranta fa, comadre?"

"Makaranta? Wa zai yi wankin 'yan haya? Ai ta yi karatun da ya ishe ta."

Ya juya ga Emmet, yana jira ya ji ya tsawata wa matarsa. Emmet na kallon tukunyar tamal.

"Ka ga, kowa ya samu sauƙi ke nan," ya ce a hankali. "Biya dai ba za mu iya ba, amma ai 'yar gida ce, ba a biyan 'yar gida. Kai da kanka ka ce tsakaninmu babu lada."

Tacho ya kau da kai. Ta taga yana hango bayan tsohuwar nan tana ta cuɗa, ba ta san an gama da ita ba. Wannan mutumin ne fa ya tsaya gaban gari yana kukan masu aiki da arha, ga shi ya samu mai aiki kyauta, kuma shi Tacho ne ya kawo ta da ƙafarsa, har da tukunyar abinci. Ya so ya kama hannun 'yarsa su fice. Amma shi ya roƙa, an kuma amsa masa, kuma tunda aka haife shi bai taɓa jin wanda ya ce wa compadre ya fasa ba. Ya dubi Amparo, yana addu'a a ransa ta fashe da kuka ta ce ba ta so, ya samu hujja.

Amparo ta dubi bahon da ke tsakar gida, ta dubi littattafan da ke hannunta.

"Zan zauna, Baba," ta ce. "Wataƙila in an kwana biyu su bar ni in koma aji. A can ko ajin babu."

Tacho ya gyara riƙon hularsa. Sannan ya rusuna ya ce, "Na gode, compadre."

Herlinda na tsaye a bakin tarago tana jiransa. Da ta gan shi shi kaɗai sai ta dafe ƙirji.

"Ya karɓa?"

"Ya karɓa."

"Da bakinsa? Me ya ce?"

"Ya ce 'yar gida ce."

Herlinda ta zauna a kan matakala ta yi kuka mai isarta, sannan ta share fuska da gefen zane. "To na ci maganata, tsoho. Ashe baturen ya san nauyi. Allah ya yafe mini tsinuwar da na yi a kan abincin nan." Tacho ya shige ciki ya kama ɗaure kayan da ya riga ya ɗaure.

Jirginmu ya tashi ranar Talata da safe, daidai lokacin da yara ke cikin aji. Ni ina bencin da ke bayansu. An cika mu maƙil, mata da ƙunshin kaya a cinya. Herlinda ce a bakin taga, ta ce tana so ta ga garin sau ɗaya na ƙarshe, ta ce yanzu haka Amparo ta ɗaga hannu tana ba malama amsa. Jirgi ya bi ta bayan gidaje a hankali, yana wuce shinge bayan shinge. Tacho ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa.

A bayan wani gida mai bene, igiyar shanya ta cika da wandunan maza. Wata yarinya na tsaye a kan akwati don ta kai igiyar, ta naɗe hannun riga har kafaɗa cikin wannan sanyi, da 'yan itacen maƙale shanya a bakinta. Ta juyo da jin ƙarar jirgi. Ta ga fuskar da ke taga, ta ɗaga jiƙaƙƙen hannunta ja wur, amma bakin a cike yake, ba ta iya kira ba. Herlinda ta manna tafin hannu a gilashi, ta bi ta da kallo har gidan ya ɓace. Sannan ta juyo a hankali.

"Tsoho," ta ce. "Yau ba ranar makaranta ba ce?"

Tacho bai ɗago ba, jirgi kuma ya ƙara gudu.